Bayan Maulidin Kaulaha: mu leƙa bakin teku ko mu juyo gida?

Alhaji Lawali: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da muka fara a zaure ran Juma'a ba ta ƙare ba, shi ya sa na kawo ta nan don waɗanda ba su samu zuwa ba su ji. Matasanmu sun ce in an tashi daga Maulidi a Madina Baye ta Kaulaha kada a juyo Maraɗi kai tsaye, a ƙara kwana biyu ko uku a ga bakin teku da tsibiran Senegal. Wasu dattawa sun ce a'a. Ni ban yanke ba tukuna. Kowa ya faɗi nashi, amma da ladabi, akwai iyaye a nan.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Alhaji, ni nawa gajere ne. Ziyarar Shehu Ibrahim Inyass muka yi wa niyya, mutane sun yi shekara suna tara kuɗi saboda ita. Wani akuya ya sayar, wata adashe ta ɗauka. Bai kamata a ɗauko niyya mai tsarki a haɗa ta da yawon buɗe ido ba. Kuma bakin tekun nan mun san abin da ake gani a can.

Mutari: Allah shi gafarta Malam, ba bakin ruwan masu wanka muke nufi ba. Ni a Dakar na yi karatu, na san wuraren da za a kai dattijo ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Daga Kaulaha zuwa Dakar bai kai kilomita 200 ba, kuma masu komawa ta jirgin sama dole ma su bi ta wajen. Daga tashar jirgin ruwa ta Dakar zuwa tsibirin Gore kamar minti 20 ne. Mutum ya baro Maraɗi, ya ratsa ƙasashe, ya iso daf da wurin, sannan ya juya bai gani ba? Kawu, ai asara ce.

Hajiya Baraka: Mutari ɗana, tsaya. Ka ce jirgin ruwa? Ni ko Gulbi in ya kawo ba na yarda in tsaya bisa gada.

Rabe Ɗan Gulbi: Hajiya ke nan! Ke da kike zuwa Dubai sari ta sama, ruwa ne zai gagare ki?

Hajiya Baraka: Rabe, rufa mini baki. Ka manta jirgin Joola da ya kife? Ina jin rediyo lokacin.

Mutari: Gaskiyarki Inna, ranar 26 ga Satumba 2002 ne, mutum fiye da 1,800 suka rasu. Amma wancan tafiyar dare ce mai tsawo daga Kazamans ta kudancin Senegal zuwa Dakar ta tsakiyar teku, kuma an ɗora masa mutane fiye da ninki uku na abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Na Gore kina ciki kina hangen Dakar a baya, tsibirin a gaba. Ƴan lakwal da ma'aikata da shi suke zirga-zirga kullum.

Malam Isufu: To mi ke cikin Goren da za a gani?

Mutari: Tsibirin ɗan ƙarami ne Malam, tsawonsa kamar mita 900, faɗinsa kamar 300. Unguwar Zariya ta nan Maraɗi ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Babu mota ko ɗaya, da ƙafa ake zagaya shi. Lunguna ne na rairayi da tsofaffin gidaje masu jan fenti da rawaya. A kudu akwai tudu mai manyan igwa da Faransawa suka bari, a gindinsa kuma akwai tsohon masallaci na dutse yana kallon teku, ana salla a ciki har yanzu. Amma abin da ke kai mutane shi ne Gidan Bayi. In ka shiga tsakar gidan za ka ga matakala biyu sun lanƙwasa sun hau bene, a tsakaninsu wani siririn lungu mai duhu, a ƙarshensa ƙofa buɗe, ba abin da ke bayanta sai ruwa. Ita ake cewa ƙofar da in an fita ba a dawowa. Hagu da dama ɗakuna ne, an rubuta na maza, na mata, na yara. Ƙarƙashin matakala akwai wani rami da ba a iya miƙewa tsaye a ciki, nan aka ce ake tura wanda ya yi gardama. A saman benen kuma masu gida ke zaune da iyalinsu, iska na kaɗa su. Ɗan jagora ya ce mana miliyoyin bayi ne suka fita ta ƙofar nan.

Mushe Sanusi: Sallama. Ina cikin aji ne, yanzu na karanta. Ina goyon bayan tafiya, amma Mutari ƙanena, maganar miliyoyin nan a ajiye ta. Duk bayin da aka ɗora a jirage daga Afirka zuwa ƙetaren Atlantika, cikin shekaru fiye da 300, kimanin miliyan 12 da rabi ne. Yankin Senegal da Gambiya gaba ɗaya bai kai miliyan ɗaya ba a ciki. To ta yaya ƙofa guda a gida guda za ta fitar da miliyoyi? Gidan ma sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka gina shi, cinikin ya riga ya yi nisa. Masana tarihi irin su Philip Curtin sun daɗe da cewa waɗanda ke bi ta Gore ƴan ɗaruruwa ne a shekara. Kuma in ka leƙa ƙasan ƙofar duwatsu ne, babban jirgi ba ya matsowa nan.

Rabe Ɗan Gulbi: Au! Ashe ƙarya ake sayar wa mutane? To Malam ya yi gaskiya ke nan, mu juyo gida.

Mushe Sanusi: A'a Rabe, kada ka yi mini saurin fassara. An tsare bayi a Gore, an sayar da su, wannan ba gardama. Fotugizawa sun iso tsibirin a 1444, daga baya ya shiga hannun mutanen Holan, Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingila ma ta riƙe shi lokaci-lokaci. Duk ba don son iskar teku suke kokawa a kansa ba. Sai 1848 Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mulki. Abin da na ce shi ne adadin da ake faɗa an kumbura shi. Marigayi Bubakar Joseph Ndiaye, wanda ya daɗe yana kula da gidan, shi ya sa duniya ta san wurin, mai iya magana ne ƙwarai. UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978, Paparoma John Paul na Biyu ya je a 1992, Obama ya je a 2013. Wuri ne na tunawa. Ka je ka tsaya ka yi tunani, amma lissafi kada ka ɗauke shi daga bakin ɗan jagora.

Nana Hadiza: Mushe, tambaya. Akwai Hausawa cikin waɗanda aka fitar ta nan?

Mushe Sanusi: Tambayar da nake so ke nan, Nana. Namu galibi ba ta Gore suka bi ba. Hanyarsu kudu ce: Wida ta ƙasar Benin, Badagiri, Ikko. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi na 1804 sun jefa mutane da yawa cikin bauta, ana miƙa su hannu zuwa hannu har bakin teku. Da yawa sun ƙare a Bahiya ta ƙasar Brazil. Can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, sannan a 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador, aka samu layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Yawancin na 1835 Yarabawa ne, amma akwai Hausawa.

Malam Isufu: Innalillahi. Masu salla aka sayar?

Mushe Sanusi: Masu salla Malam, wasu ma almajirai da suka sauke. Kuma kada mu ɗora wa Bature shi kaɗai. Shi yana bakin ruwa da jirginsa, wa ya kai masa? Mu nan Maraɗi, kakanninmu da suka baro Katsina sun yi shekaru suna kai hari ana kawo musu hari, kuma kowane ɓangare ganimarsa har da mutane.

Rabe Ɗan Gulbi: Mushe, a bar tone-tone. Kowa a gurup ɗin nan yana da kaka.

Nana Hadiza: Yaya Rabe, ba tone-tone ba ne. A 2003 fa ƙasarmu ta sa hukuncin bauta cikin doka. A 2008 kotun CEDEAO ta zauna a Yamai ta ba Hadijatu Mani gaskiya, yarinyar da aka sayar tana shekara 12. Mu da muke aikin likita a ƙauye muna jin yadda ake hana aure saboda "asali". In za mu je Gore mu yi hawaye mu dawo mu ci gaba da tambayar asalin wanda ya zo neman ɗiyarmu, gara kuɗin jirgin mu sai goro.

Hajiya Baraka: Wannan yarinya bakinta da kaifi. Amma ba ta yi ƙarya ba.

Alhaji Lawali: Jama'a, a dawo kan hanya. Ba shari'ar kakanni muka zo yi ba.

Mushe Sanusi: Alhaji bari in ƙara abu guda da ya shafe mu kai tsaye, don ba bauta kaɗai ke Gore ba. Makarantar William Ponty, wadda Faransa ke horar da malamai da ma'aikata na Afirka ta Yamma, a tsibirin take daga 1913 har 1937 kafin a mayar da ita Sebikotan. Bubu Hama a nan ya yi karatu, Diori Hamani ma haka. Yaro ya taso daga ƙauyen Nijar a wancan zamani, ba gudron ba jirgi, ya yi makonni a hanya, a ɗora shi kan ruwa a kai shi ɗan tsibirin nan. Ginin yana nan. Ni shi na fi son in nuna wa matasa. Blaise Diagne ma, wanda filin jirgin saman da za ku sauka ke ɗauke da sunansa, a Gore aka haife shi a 1872, shi ne baƙar fatan Afirka na farko da aka zaɓa a majalisar Faransa, a 1914.

Hajiya Baraka: To ni tabkin nan mai ruwan hoda nake so. Na gan shi a Facebook, kamar an zuba masa kala.

Mutari: Tabkin Retba ke nan Inna, kamar kilomita 35 daga Dakar, tudun rairayi ne kawai ya raba shi da teku. Ba kala aka zuba ba, wani ƙanƙanin gansakuka ne da ke rayuwa cikin ruwa mai tsananin gishiri, shi ke ba da launin in rana ta buga. Abin kallo a wajena masu haƙar gishirin ne. Mutum zai shafe jikinsa da man kaɗe kafin ya shiga, in ba haka ba gishiri ya cinye fata. Ya tsaya ruwa iya ƙirji, ya rinƙa sukar ƙasan tabkin da dogon sanda yana fasa gishiri, ya kwasa da kwando ya zuba a kwalekwale har bakinsa ya kusa taɓa ruwa. A gaɓa mata ne ke sauke shi da robobi a ka, suna tara tsibi-tsibi, kowane da alamar mai shi. Nan ne kuma a da tseren motocin Paris-Dakar yake ƙarewa, wanda ya riƙa ratsowa ta Agadas. Sai dai in gaya miki gaskiya, Maulidi a shekarun nan cikin damina yake faɗowa, launin kuwa da rani ya fi fitowa. A 2022 ma ruwan ambaliya ya shiga tabkin, ya daɗe yana kore.

Hajiya Baraka: Wato in biya kuɗin mota in je in ga tabki kore? Ga Madarunfa nan kusa da ni.

Rabe Ɗan Gulbi: Ni dai a kai ni San Luwi. An ce akwai wurin tsuntsaye.

Mushe Sanusi: San Luwi gari ne da ya cancanci gani. Tsibiri ne a bakin kogin Senegal, Faransawa suka kafa shi a 1659, shi ne babban birnin Afirka ta Yamma ta Faransa daga 1895 zuwa 1902 kafin a koma Dakar. Gadar ƙarfe ta Faidherbe, ta 1897, ta fi mita 500. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a 2003. Kogi ya cika yana neman cinye gari, hukuma ta yanka ɗan siririn zirin rairayin da ya raba kogi da teku don ruwa ya fita. Mita 4 aka yanka. Teku ta samu ƙofa, ta yi ta ci, yau wurin kilomitoci ne. Ƙauyen Dun Baba Jey ya tafi cikin ruwa, masunta da yawa sun halaka a mashigar. A unguwar masunta ta Get Ndar za ka ga gidaje rabi a tsaye rabi igiyar ruwa ta kwashe.

Mutari: Amma Yaya Rabe, San Luwi can arewa take, kusan iyakar Muritaniya, kilomita fiye da 250 daga Dakar. Gandun tsuntsaye na Juj kuma yana gaba da ita. Kwasakwasa dubbai da sauran tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai daga Nuwamba zuwa Afrilu ake samunsu da yawa. Da damina hanyar ma taɓo ce. Wannan sai masu zuwa a Rajab.

Rabe Ɗan Gulbi: Kai Mutari, kai ka kawo shawara, kai kuma kake ta soke wurare.

Mutari: Don kada a dawo a ce na ci kuɗin mutane ne. Abin da ke kan hanyarmu shi nake so a gani. Kaulaha kanta bisa kogin Salum take, ruwan gishiri ne, shi ya sa za ku ga farin gishiri jibge a gefen gari. In aka bi shi zuwa yamma sai ya rarrabu ya zama ɗaruruwan rassa da tsibirai, cike da itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. Akwai tsibiran da ba ƙasa ba ce, ɓawon katantanwar ruwa ne da mutanen zamanin dā suka ci suka zubar shekara aru-aru har ya zama tudu, kuka ta tsiro a kai, wasu ma an binne mutane a ciki. UNESCO ta sa yankin cikin jerinta a 2011. Amma shiga can sai da kwalekwale, ban ce a ɗauki Inna Baraka ba.

Hajiya Baraka: Allah shi yi maka albarka.

Mutari: Wanda kowa zai iya shi ne Fajut, kusa da Jowal garin da aka haifi Senghor a 1906. Shi ma tsibirin ɓawo ne, amma doguwar gada ta katako ake bi da ƙafa. Kana tafiya cikin gari ɓawo na ƙaras-ƙaras ƙarƙashin takalmi, har cikin ginin gidaje shi aka cuɗa. Akwai tsofaffin rumbunan gero da aka kafa bisa turaku a cikin ruwa, don gobara da ɓeraye. Wata gadar kuma tana kai ka maƙabarta, inda Kirista da Musulmi ke kwance a tudu guda.

Malam Isufu: Maƙabarta guda? Subhanallah. Wannan kuma wane malami ya ba su fatawa?

Mutari: Malam, kowa da ɓangarensa a ciki. Mutanen dangin juna ne, gida guda za ka samu mai zuwa coci da mai zuwa masallaci. Kiristoci sun fi yawa a tsibirin, kuma in faɗa tun yanzu kada a ce na ɓoye: akwai aladu suna yawo a bakin ruwa.

Malam Isufu: To ka ji. Ni an gama da ni.

Mushe Sanusi: Malam, da girmanka, ai ku kuke karanta mana cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. Shehu da kansa bai zauna Kaulaha ba, ya zo Kano, ya je Makka, ya je Alƙahira, a Landan ma ya rasu a 1975.

Malam Isufu: Mushe, Shehu da'awa ta kai shi, ba ɗaukar hoto ba. Na ga abin da ƴaƴanmu ke yi: a tsaya inda aka azabtar da bayin Allah ana murmushi ana ɗaga yatsu biyu. In za a je Gore a yi wa waɗanda suka wuce addu'a, ban hana ba. Amma gunkin nan na tagulla da Abdullahi Wad ya kafa bisa tudu a Dakar a 2010, wanda limaman ƙasar da kansu suka yi tir da shi, kada in ji an kai jama'armu.

Mutari: Ba ya cikin lissafi Malam. Ko ba a je ba ana hango shi daga mota, wannan ba yadda na iya.

Nana Hadiza: Ni gargaɗina ga samari ne. Wanda ya koyi iyo a tabki kada ya ɗauka ya iya teku. Gaɓar arewacin Dakar, wajen Gejaway da Malika, ruwan yana ja ta ƙasa, kowace shekara yana cin yara, wurare da yawa ma an hana wanka. A tsaya iya idon sawu. Masu hawan jini da ciwon suga su riƙe maganinsu a jakar hannu, kuma kowa ya nemo katin rigakafin shawara tun yanzu.

Rabe Ɗan Gulbi: Kuɗin fa? Kowa na ta tarihi, ba wanda ya faɗi jikka nawa.

Mutari: Sefa ɗaya muke kashewa da su, ba canji. Tikitin jirgin Gore hawa-hawa ne, ɗan Afirka ba ya biyan abin da Bature ke biya, amma sai ka nuna takardarka, don haka fasfo ya zama a aljihu. Masauki a Dakar ne mai tsada. In Kawu ya yarda zan yi magana da ɗalibanmu da ke can su nemo mana gida a haɗa kuɗi. Kuma a kiyaye, Gidan Bayi ba ya buɗewa ran Litinin.

Alhaji Lawali: To na ji kowa. Ga yadda za a yi. Ba a tilasta wa kowa. Bayan Maulidi za a rabu biyu: masu zama Madina Baye tare da Malam Isufu su ci gaba da ziyara, masu zuwa teku su bi Mutari da Mushe, a tsaya Fajut a kan hanya, a kwana Dakar, washegari Gore. San Luwi da tabki an ajiye su. A haɗu a filin jirgi. Masu komawa ta ƙasa ku same ni daban, maganar hanya ba ta nan ba ce.

Hajiya Baraka: Alhaji sa sunana a na teku. Amma in na ga jirgin bai yi mini ba, zan zauna a tasha in jira ku, kuma Mutari ne zai biya mini cebujen, shinkafar nan tasu da kifi.

Malam Isufu: Mushe, in kun je ka ɗauko mini hoton masallacin nan na dutse. Masallacin kawai.

Rabe Ɗan Gulbi: In masu zuwa ba su cika mota ba fa, wa zai cike kuɗin?

Alhaji Lawali: Shi ya sa nake son sunaye kafin Juma'a. In ba a kai mutum 15 ba, sai ku shiga motar haya kamar kowa. Mai so ya rubuta sunansa a ƙasa, ya kawo jikka 10 na kafin alƙalami shagona bayan la'asar.